Addu'a Daga Bayan Asabari

Ranar sadakar ukun Inna tsakar gidanmu ba masaka tsinke. Matan Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan Ibadan, sun cika tabarmi har bakin rijiya, 'yan albasa sun taso daga kasuwar Shasha mota guda, ga tsofaffin fataken goro a zaure waɗanda suka ci tuwonta tun suna samari. Iya mai ogi, Bayarabiya mai sayar da koko da muke maƙwabtaka da ita tun kafin yaƙin basasa, jikokinta ne suka riƙo ta suka kawo ta. Ta zauna ta kama hannuna, ba abin da take cewa sai "pele, pele", wato sannu, hawaye na bin kumatunta. Kowa da abin da ya tuna. Wannan ta ce ba ta taɓa cin dambu irin na Inna ba, waccan ta ce Inna ce ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta da kowa a garin nan. Wata tsohuwa kuwa ta gyara zama ta ce, "Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce, amma fa ta iya tsayar da mutum a bakin ƙofa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, har da ni.

Abin da ban yi wa dariya ba shi ne raɗar da na jiyo a bayana. Wata ta ce wa ta kusa da ita, "Ina jikan nan nata da ta rena? An ce har ta cika bai shiga ɗakinta ba." Ɗayar ta ce, "Ai ga shi can tsallaken titi a kan benci. Ko zauren ya ƙi shiga a yi masa gaisuwa. 'Ya'yan zamani ke nan." Ɗana suke nufi. Wallahi sai da na ji kaina ya yi zafi, ba don zaman makoki ake yi ba da sun ji ta bakina. Na haɗiye, na ce bari a watse. Zan faɗi wace ce Inna, in ya so kowa ya san abin da ya zaunar da yaron nan a tsallaken titi.

Inna yayar mahaifiyata ce. Ita ta ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata, ta zo da ni Ibadan wurin mijinta mai fataucin goro, ta aurar da ni a nan Sabo. Da mijin ya rasu sai ta dawo gidanmu da zama. Baban yara maigidan baƙi ne, fatake in sun sauka daga Arewa a wurinsa suke kwana, shi ke haɗa su da masu saye, Inna kuma ita ke ciyar da su. Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai shela, goro ba ya barin bakinta. Ba ta iya raɗa ba, in ta ce za ta faɗa miki sirri to na gidan gaba ma sun ji. Amma kunne gare ta. Tana tsakiyar tuƙin tuwo wani zai yi tari a zaure, sai ka ga ta tsayar da muciya. "Wannan tarin taba ne, ƙyale shi." Wani ya sake yi. "Wannan kuwa sabo ne, da shi ya zo. A ware masa kwanonsa da moɗarsa."

Ba haka kawai ta koyi sauraron tari ba. Ta taɓa gaya mini, muna gyaran shinkafa, cewa mazan ɗakinsu ba sa jure mura. Ƙannenta maza ta gani ana fita da su ɗaya bayan ɗaya tana yarinya, sai guda ne ya tsira ya girma kamar kowa. Ita ma da ta yi aure maza ta haifa, ba wanda ya kai shekarun kaciya. Kuma duk hanya ɗaya suka bi. Mura za ta shigo gida, irin wadda kowa ya sani, 'yan mata su yi atishawa da majina, ka ga sun miƙe sun koma wasansu. Namijin kuwa sai ta gangara masa ƙirji. Zazzaɓi ya ƙi sauka, haƙarƙarinsa su riƙa shiga suna fita, leɓensa ya yi duhu. Ta ce, "Mura ɗaya ce fa, 'yar nan. Wadda ta shiga hancin wannan ita ta shiga hancin wancan. Jikin ne ba ɗaya ba."

Na ji maganar da kunne kawai, sai da ta zo kaina. Bayan 'ya'yana mata na haifi namiji, ya yi ɓul-ɓul, ya fara zama, har ya fara rarrafe. Aka yi mura a gida, ya bi hanyar da Inna ta faɗa. Mutane suka ce wabi ne, ɗan da ke zuwa ya koma. Iya mai ogi ta ce su abiku suke ce masa, har ta kawo mini wani ƙarfe na sa wa na gaba a ƙafa. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta jefa shi cikin kwalla ta rufe. Da matar ta fita ta dube ni ta ce, "Wane irin wabi ne wannan da ba ya tafiya sai an yi mura? Wane irin wabi ne da ya san mace ya san namiji?"

Bayan samun 'yancin kai da ɗan lokaci Allah ya sake ba ni namiji, aka sa masa sunan kakansa na wajen uba. Tun ranar suna Inna ta nuna wa Sabo halinta. Ta goya jaririn ta zauna a ƙuryar ɗaki, duk wadda ta shigo barka tana jan hanci sai ta ce mata, "Sannu da zuwa, zauna nan bakin ƙofa, ga shi kina ganinsa." Mata suka fita suna taɓe baki. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar rigimar ita ce tofi. Kowa ya sani, babba in ya ga yaro sai ya ɗora masa hannu a ka, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa masa. Alheri ne, kuma da shi aka rene mu duka. A gidan baƙi irin namu kuwa ba ranar da malami ko dattijo ba zai sauka ya ce a kawo ɗan maigida ya sa masa albarka ba. Inna ta ce atafau. Za ta tsaya daga nesa da yaron a bayanta ta ce, "Malam, yi daga nan. Allah yana ji daga nan." Don kada a ce ta zaɓi wasu ta bar wasu, ta hana kowa, mai tari da marar tari, ita ma kanta ba ta taɓa tofa masa ba. An ce mata mai girman kai, an ce mata mai ƙin addu'a. Ta ce ita ba ta hana addu'a ba, yawu ta hana.

Duk da haka yaron bai huta ba. In 'yan'uwansa suka yi mura suka tashi, shi sai ya kwanta ya daɗe, ya rame, mu yi ta sintiri tsakanin gida da asibiti. Amma yana tashi. Inna na kiransa maigidana, irin wasan kaka da jika. Sai ta ce, "Ni dai na yi dacen miji rago. Kowace mace mijinta na kawo mata tsire, ni nawa tari yake kawo mini." Shi kuma ya ce, "Na sake ki, Inna." Ta ce, "Sai ka samu mai dafa maka ruwan wanka tukuna."

Yana ɗan shekara biyar ko shida ƙasa ta rikice. Mutanenmu da ke zaune a Gabas suka yi ta gudowa, wasu suka biyo ta nan. Gidanmu ya cika, zaure ya cika, har ɗakin da ake ajiye kwandunan goro aka share aka shimfiɗa tabarmi. Kullum da jita-jitar da za a kawo, yau a ce za a tashi Sabo, gobe a ce ƙarya ne. Masu gidaje da dama suka sa iyalansu a jirgin ƙasa suka tura su gida. Baban yara ma ya shigo ya ce mu haɗa kaya.

Ku da kuka san kunyar surukai, kun san Inna ba ta taɓa haɗa ido da mijina ba. In zai shigo tana tsakar gida sai ta juya baya, in tana da magana ni take aika. Ranar nan ta ajiye ludayi ta fuskance shi. Ta ce, "Malam, ka je tasha ka leƙa taragon nan da idonka? Mutum a kan mutum, wannan na tari a wuyan wancan, har a kai Kano. Abin da kake tsoro a nan, ana cewa zai zo ne. Abin da nake tsoro a can, yana zaune a kan kujera yana jiran yaron nan. In ka sa shi a jirgi, a wata tasha za a sauke shi, ba kuma da ƙafarsa ba." Ni kuwa ban san wanne ne ya fi ba, tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. Can baban yara ya ce, "Inna, in wani abu ya faru a nan fa?" Ta ce, "Sai a ce ni ce. Na ɗauka." Ya tura 'yan matan tare da ƙanwarsa, mu muka zauna.

Ba a tashi Sabo ba, Allah ya kiyaye. Yaƙin ya koma can nesa, muna jin labarinsa a rediyo. Amma da wata damina, ana cikin yaƙin, sai ga wata mura mai zafi ta zagaye gari. Ta shigo mana ta zaure kamar yadda aka saba. Ƙarti majiya ƙarfi suka zube, gida ya koma tari ta ko'ina. Inna ta raba mana aiki. Ta ce, "Baƙin nan amana ce, dole a yi jinyarsu. Amma wadda ta taɓa su ba za ta taɓa yaro ba. Ke shiga da shi ɗakin baya, ni zan tsaya waje." Ta rataya asabari a ƙofar ɗakin, ta ajiye kujerarta a gabansa. Ita ke dama kunun tsamiya da citta ta bi su ɗaya-ɗaya, ita ke wanke kwanukansu, in ta gama ta dawo ta zauna gadi. Yaron ya yi ta kuka yana son ta goya shi, ita kuma tana ba shi tatsuniya ta tsakanin karan asabari.

Cikin waɗanda suka kwanta har da wan mijina, Yaya. Daga Gabas ya gudo, ba shago, ba kaya, kuma ba duk 'ya'yansa ne suka iso tare da shi ba. Mutum ne mai raha a da, ya koma ba ya magana. Ranar da ya ɗan ji sauƙi ya dogara sanda ya shigo cikin gida, yana tari, ya ce yana son ganin mai sunan babansu ya tofa masa addu'a. Ina daga ciki ina jin komai. Inna ta miƙe ta tare ƙofa.

Ta ce, "Alhaji, yi daga nan. Allah yana ji daga nan."

Ya ce, "Inna, ɗan ƙanena ne fa. Jinina ne."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa."

Ya ce, "An kore ni daga can, na zo gidan ɗan'uwana, nan ma annoba na zama? Nawa sun tafi ban ko sa musu hannu a ka ba. Wannan ɗin ma a hana ni?"

Wallahi ni da ke ciki har na kai hannu zan ɗaga asabarin, don zuciyata ta karye. Inna ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ke, kul!" Sannan ta sassauta murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, na binne nawa ni ma, na san abin da ke cinka. Ka zage ni in ka ga dama. Amma ba za ka shiga ba." Ya juya ya fita. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta, kunun ma in aka ce ita ta dama sai ya ture. Sai ta koma aika masa ta hannun Iya mai ogi, a ce daga maƙwabta ne. Yana sha, muna zaton bai sani ba.

Da a ce tatsuniya ce sai in ce asabari ya tare cutar. Bai tare ba. Ta inda ta shiga Allah ne ya sani, gida ɗaya ne, iska ɗaya. Lokacin da baƙi suka fara miƙewa suna neman tuwo, yaron kuma lokacin ya fara atishawa. Kafin ka ce me ta sauka ƙirji. Na ga haƙarƙarin nan suna shiga suna fita, na ga abin da na taɓa gani. Inna ba ta tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ta ce wa baban yara ya nemo mota yanzu-yanzu, ta yafa mayafi, muka nufi babban asibiti. Aka sa masa roba a hanci ana ba shi iska, ana ta allurai. Mun daɗe a can, har na daina tambayar wace rana ce.

Likitan wani saurayi ne Bayarabe, mai haƙuri. Da ya ga yaron ya fara dawowa sai ya zaunar da mu ya tambayi tarihin gida. Inna ta zayyana masa da Yarabancinta na kasuwa, tun daga kan ƙannenta har zuwa ɗana na farko. Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Mama, kowane mutum yana da garkuwar jiki, wani abu ne a cikin jini da ke tare ƙwayar cuta. Ƙwayar mura ba mu da allurar da ke kashe ta, jiki ne ke yin aikin da kansa. A jikin yawancin mutane tun a hanci da maƙogwaro ake tsayar da ita. A jikin yaron nan garkuwar ba ta cika ba. Kafin ta yunƙura, ƙwayar ta gangara huhu, ta kuma buɗe wa wasu cututtukan hanya, su ne muke yi wa allurar nan." Ya ce bisa ga abin da ta faɗa, yana zaton ciwon irin wanda ke bi ta wajen uwa ne, mata su ɗauka ba su sani ba, ya bayyana a kan wasu daga 'ya'yansu maza. Ya ce ba su da maganin da zai cike abin da babu. Abin yi shi ne a nisanta shi da taro in ana mura, in ta kama shi kuma kada a jira.

Da na ji an ce ta wajen uwa sai na fashe da kuka, na ce ashe ta jikina ya biyo. Inna ta daka mini tsawa a gaban likita. "Rufe mini baki! Ta jikin uwarmu ya biyo, ita ma ba a kasuwa ta sayo ba." Likitan ya yi murmushi. Ya ƙara da cewa wanka da ruwan sanyi ba shi ke kawo mura ba, ta daina wahalar da kanta. A nan kam suka raba hanya. Muna fitowa ta ce, "Yaro ne mai hankali, amma bai san ruwan rijiyar Sabo ba." Ta ci gaba da dafa masa ruwan wanka har ya yi aure, sannan ta damƙa aikin a hannun matarsa.

Ranar da muka dawo gida da shi, ya rame kamar ba shi ba amma yana tafiya da ƙafarsa, sai ga Yaya ya shigo. Ya warke sarai a lokacin. Ba wanda ya tare shi. Ya zo gaban asabari ya tsaya da kansa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Ya dubi Inna ya ce, "Na yi daga nan." Ta miƙe ta naɗe asabarin ta ce, "Shiga, Alhaji, ka ga ɗanka." Daga baya ya ce mata tun kofin farko ya gane kununta, don ba Bayarabiyar da ke zuba citta haka.

Yaron ya girma a haka, yau lafiya gobe asibiti. Makarantar allo a tsakar gida ya yi ta, boko kuma in ana mura Inna ke zuwa da kanta ta ɗauko shi daga aji. Ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a Mokola, ya yi aure, ya haifi 'yan mata. Har ya yi gemu in ya shigo gida sai ta tsayar da muciya ta saurari numfashinsa kafin ta amsa sallama.

Daminar bana mura ta sake zagayowa, ta kama Inna. Tsufa ya riga ya cinye mata tata garkuwar, abin ya sauka ƙirji. Ita ta fara ganewa, ai ta san sautin. Ta ce mini, "Nemo asabari ki rataya." Na ce, "Inna, wa ke amfani da asabari yanzu, ga labule?" Ta ce, "Labule ana ɗagawa ba a sani ba. Nemo." Na nemo.

Da rana tsaka ɗana ya rufe shago ya zo a guje. Ya kai hannu zai ɗaga, ta ce daga kan gado, da 'yar muryar da ta rage mata, "Kul."

Ya ce, "Inna, minti ɗaya. Ko ƙafarki in taɓa."

Ta ce, "Ka taɓa ka kai wa wa?"

Ya durƙusa a tsakar gida, ƙato da shi, yana kuka kamar ranar da aka raba su a ɗakin baya. Ya ce, "Duk yaran gidan nan kin tofa musu addu'a. Ni tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini ba. Sau ɗaya, Inna. Ko me zai faru."

Ina zaune a gefenta. Na rantse da Allah tana so. Ta dubi inuwarsa ta tsakanin karan asabari. Can ta ce, "Maigidana, na yi faɗa da Sabo kaf a kanka. Na ɓata wa surukina, na sa mai baƙin ciki kuka. Ba don ka biyo ni na yi ba. Tsaya nan. Allah yana ji daga nan." Ta ɗaga hannu, na tallafa mata gwiwar hannun don ba ta iya riƙewa. Ta yi masa addu'a tana yi tana hutawa, shi yana amin daga waje. Da ta gama ta ce, "Saura ɗaya. In an zo zaman makoki, rabin masu zuwa da mura za su zo, kowa kuma sai ya kama hannunka. Ka yi mini salla a sahun baya, a fili. Zaure kuwa ban yarda ba. Duk mai magana ya yi." Ya ce, "Za a zage ni, Inna." Ta ce, "Ni an daɗe ana yi, ban mutu ba sai yanzu."

To, masu raɗa, kun ji. Ba ƙin ta ya yi ba, umarninta yake bi, kuma ban san abin da ya taɓa yi masa wuya a duniya kamar wannan ba. Ranar sadakar, da malamai suka ɗaga hannu a zaure, na leƙa ta ƙofar gida. Yana can tsallaken titi shi kaɗai a kan benci, motoci na wucewa tsakaninmu, hannayensa a sama, gemunsa ya jiƙe.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya haɗa ta da 'ya'yanta da ta binne tun tana da ƙuruciya, a inda ba tari ba zazzaɓi. Yau asabari ya sauka tsakaninmu da ke, Inna, kuma ba mai ɗaga shi. Daga nan za mu riƙa yi miki.